Gidan Tarihin Einar Jónsson da ke Reykjavík: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Niyyar Zuwa

Wane irin gida ne wannan, kuma a ina yake?

Ƙaramin gidan tarihi ne da aka keɓe wa aikin mutum ɗaya, Einar Jónsson, wanda shi ne ɗan ƙasar Ayislan na farko da ya mayar da ƙirar mutum-mutumi sana'arsa. Gidan yana kan tudun Skólavörðuholt a tsakiyar Reykjavík, babban birnin ƙasar, daura da babbar cocin nan mai dogon hasumiya da ake kira Hallgrímskirkja. In ka tsaya a filin da ke gaban cocin ka ba ta fuska, gidan yana hannunka na dama, tsallaken titin Eiríksgata. Gini ne ruwan toka, mai kauri, wanda baƙo zai iya ɗauka wani ofishin gwamnati ne ko gidan kaso, shi ya sa dubban masu zuwa ɗaukar hoton cocin suke wuce shi ba su ko waiga ba.

A taswirar waya, rubuta Listasafn Einars Jónssonar. Akwai ayyuka kusan 300 a ajiye a cikinsa, a bayansa kuma akwai lambu mai mutum-mutumi 26 na tagulla.

Wane ne shi Einar ɗin?

Ɗan manomi ne. An haife shi ranar 11 ga Mayu, 1874 a wata gona mai suna Galtafell a kudancin ƙasar, ya rasu ranar 18 ga Oktoba, 1954. A zamanin ƙuruciyarsa Ayislan tana ƙarƙashin mulkin Denmak, babu makarantar koyon zane ko ƙira a ƙasar, babu ma al'adar kafa mutum-mutumi. Don haka ya tafi Kwapanhagan, ya fara koyo a hannun wani mai ƙirar mutum-mutumi, Stephan Sinding, sannan ya yi karatu a kwalejin fasaha ta masarautar Denmak daga 1896 zuwa 1899. A 1901 ya baje aikin da ya fito da sunansa, Útlagar. Majalisar dokokin ƙasarsa, Alþingi, ta ba shi tallafi ya je Roma a 1902.

Abin da ya kamata mai zuwa ya riƙe shi ne, Einar ya dawo daga Roma yana adawa da kwaikwayon tsoffin Girkawa da Romawa. A ganinsa kowane mai fasaha ya sari tasa hanyar. Sai ya koma ga tatsuniyoyin ƙasarsa, da labaran allolin mutanen arewacin Turai na dā, da alamomin addinin Kirista, da rubuce-rubucen Emanuel Swedenborg, wani malamin addini ɗan ƙasar Suwidin, a kan ruhi da rayuwar bayan mutuwa. Saboda haka yawancin ayyukansa ba hoton wani mutum ba ne da za ka ce “ga wane”. Kamar kacici-kacici suke, kowane yana ɗauke da zance a dunƙule.

Me ya sa ake ta ce masa Einar, ba a ce Jónsson?

Domin Jónsson ba sunan dangi ba ne. Ma'anarsa “ɗan Jón”, kamar yadda za a ce Audu ɗan Garba. Mutanen Ayislan suna kiran kowa da sunansa na yanka, har shugaban ƙasa. In ka tambayi hanya ka ce “gidan Jónsson”, za a tsaya ana kallonka, don 'ya'yan Jón ba sa ƙirguwa a ƙasar. Ana furta sunan kamar “Eynar Yonsson”.

Yaya aka yi mutum ɗaya ya samu gidan tarihi nasa na kansa?

Shi ya nema. A 1909 ya yi wa al'ummar ƙasar tayin kyautar ayyukansa gaba ɗaya, bisa sharaɗin a gina musu wurin zama. Majalisa ta yi ta jan ƙafa sai a 1914 ta karɓa. Ta ba da krona 10,000, jama'a suka yi karo-karo suka tara 20,000. An fara gini a 1916, aka buɗe wa jama'a a 1923, ya zama gidan baje kolin fasaha na farko a ƙasar.

Einar ne ya zaɓi filin, shi ne kuma ya tsara ginin tare da wani masanin gine-gine mai suna Einar Erlendsson. A lokacin tudun fako ne, duwatsu da iska kawai, a bakin gari. Cocin da yanzu ta shanye gidan ba a fara ta ba sai 1945, ba a gama ba sai 1986. Wato gidan ya riga cocin zama a wurin da fiye da shekara ashirin, kuma an gina shi ne don a hango shi daga nesa shi kaɗai. Ya raɗa masa suna Hnitbjörg, sunan dutsen da, a tatsuniyar mutanen arewa, wani ƙato ya ɓoye abin shan da ke sa mutum ya zama mawaƙi.

Na ga hotuna, kusan komai na ciki fari ne fat. Dutse ne ko me?

Filasta ce, irin garin POP ɗin da ake silin da shi. Wannan shi ne abin da ya fi ruɗa baƙi, har wasu su fita suna cewa kwafi aka tara a ciki, na gasken suna lambu. Akasin haka ne, kuma sai an san yadda aikin yake tafiya za a gane dalili.

Ko da yake a Hausa “masassaƙi” ne ya fi zuwa baki, Einar ba sassaƙa yake yi ba, ginawa yake. Ana fara kafa ƙashin aikin da sandunan ƙarfe da katako, a riƙa ɗora yumɓu a kai ana mulmulawa da hannu har siffa ta fito. Yumɓun nan dole ya zauna da danshi, kullum a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, don in ya bushe zai tsage ya zube daga jikin ƙarfen. Tun da ba zai daɗe ba, da an gama sai a shafe shi da filasta ta bushe ta zama ƙwarya a kansa, a raba ƙwaryar gida biyu ko fiye, a kwashe yumɓun, a wanke ciki, a shafa sabulu ko mai don kada ya manne, a haɗa, a zuba sabuwar filasta. In ta kama, sai a farfasa ƙwaryar waje da kurfi. Abin da ya fito shi ne siffar aikin ta farko mai ɗorewa, da sawun yatsun mai aikin a jiki. Yumɓun ya riga ya tafi, ƙwaryar ma ta tafi.

Daga wannan filastar ake ɗaukar ma'auni a zuba tagulla, wato gaurayen jan ƙarfe da kuza, a maƙera ta musamman. Wanda ya taɓa ganin yadda maƙeran Bida ko na Binin suke zuba narkakken ƙarfe a gurbin da kakin zuma ya bari ya san tushen dabarar. Zubin tagulla yana da tsada ƙwarai, shi ya sa Einar ya mutu ya bar ayyuka da yawa a filasta. Lambun da ke bayan gidan ma sai a 1984 aka buɗe shi, shekara 30 bayan rasuwarsa. Kenan farin da ke ciki shi ne wanda hannunsa ya taɓa.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa ba a yarda a taɓa ba. Filasta tana shan maiƙon hannu kamar yadda alli yake shan tawada, kuma ba a wanke ta da ruwa don ruwa yana cinye ta. Yatsa ɗaya ba ya nuna komai a rana ɗaya, amma hanci ko gwiwar da mutum dubu suka shafa sai ya yi baƙi, kuma baƙin ba ya fita. Jakar goyo ita ce babbar matsala: ɗakunan cike suke, mutum ya juya ya kalli wani abu, jakar ta daki yatsan mutum-mutumin da ke bayansa. A sauke ta a riƙe a hannu, ko a bar ta inda ma'aikaci ya nuna.

Ta ina ya kamata in fara, kuma awa nawa zan ware?

Fara da lambu. Kyauta ne, a buɗe yake duk shekara, amma ƙofarsa ba a gaban gidan take ba, tana bayansa ta titin Freyjugata. Mutane da dama suna zagaya gaban ginin su ga katanga su haƙura. Ka bi gefen ginin ta titin Njarðargata ka sauka kaɗan, ka juya hagu, za ka ga ƙofar.

Amfanin farawa a can biyu ne. Na ɗaya, cikin minti ashirin za ka san ko aikin mutumin ya yi maka kafin ka biya kuɗi. Na biyu, a lambu kana iya zagaya kowane mutum-mutumi ta kowace fuska, kuma ayyukan Einar suna ɓoye abu a baya ko a ƙarƙashi: fuska a cikin igiyar ruwa, ƙaramin mutum a tafin hannun babba. In ka shiga ciki ka tarar da farin ɗan'uwansa, idonka ya riga ya san inda zai duba. Kore-koren da ke jikin tagullar ba datti ba ne, tsatsar jan ƙarfe ce da danshi da gishirin iskar teku suke kawowa, kuma ita take kare ƙarfen da ke ƙarƙashi.

Lambu rabin awa, ciki minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya. Mai gaggawa zai iya gamawa cikin kwata, amma zai fito da hoton fararen gumaka a cunkushe kawai. Gara a zaɓi guda biyar ko shida a tsaya a kansu da a bi duka ana gyaɗa kai.

Waɗanne ne suka cancanci a tsaya a kansu?

Útlagar, wato korarru. A dā wanda aka yanke wa hukuncin kora yakan gudu tsakiyar ƙasar, inda babu kowa sai ƙanƙara da ƙonannen dutse. Einar ya yi mutum yana saukowa daga can, gawar matarsa a ɗaure a bayansa, ɗansu a hannu, kare yana biye. Ya fito ne ya binne ta a maƙabartar mutane, alhali duk wanda ya gan shi yana da ikon kashe shi. Duba yadda nauyin gawar ya tanƙwara shi gaba, da yadda fuskarsa take a tsorace kamar mai jin motsi. Wannan shi ne aikinsa mafi sauƙin fahimta, ba ya buƙatar bayani.

Dögun, wato ketowar alfijir, daga tatsuniya aka ɗauko shi. Dodannin dare na Ayislan in rana ta riske su a waje sai su zama dutse. Ga dodo ya sato budurwa, rana ta fito masa a hanya, ya ɗaga dunƙulallen hannu yana yi wa hasken barazana, jikinsa kuwa ya riga ya fara komawa dutse. Ita kuma ta miƙa hannu wajen ranar. Ka duba daga ƙasa zuwa sama, ka ga inda tsoka ta ƙare dutse ya fara.

Alda aldanna, igiyar zamunna, mace ce da ta taso daga teku kamar guguwa, jikinta na ƙasa ruwa ne mai juyawa ɗauke da ƙananan mutane, wasu na hawa wasu na nutsewa. Sai an matso kusa ake ganinsu. Akwai kuma Úr álögum, inda jarumi ya soke macijin dodo, mace ta fito daga sihirin da ya ɗaure ta. Sauran da yawa sun fi waɗannan duhun ma'ana, kuma gaskiya wasu sun cika alamomi har sun yi nauyi. Karanta sunan aikin tukuna, sau da yawa shi ne mabuɗin.

Gumakan bauta ne? Kuma ya dace a je da iyali?

Ba a bauta musu, ba a taɓa yi ba, gidan kuma ba wurin ibada ba ne duk da maƙwabtakarsa da coci. Amma mai zuwa ya san abin da zai tarar: siffofin mutane ne cikakku, da yawa babu sutura, maza da mata, kuma akwai gicciye, da mala'iku masu fukafukai, da siffar da Kiristoci ke yi wa Annabi Isa (AS). A lambun ma haka ne. Wanda wannan zai dame shi, ko wanda ke tafe da iyaye ko yara, ya duba hotunan ayyukan a intanet kafin ya yanke shawara. Masu yara ƙanana su riƙe hannunsu a ciki, don babu shinge tsakaninsu da yawancin kayan.

Me ke saman bene?

Gidan da Einar ya zauna da matarsa Anna, 'yar Denmak, wadda ya aura a 1917. Ƙananan ɗakuna ne a ƙololuwar ginin, an bar su da kujerunsu da littattafansu da hotunan bango. Ana yawan cewa shi ne gidan saman bene irinsa na farko a ƙasar. Daga tagoginsa ana ganin rufin gidajen birnin masu launi-launi da teku.

Matakalar hawa matsattsiya ce mai murɗewa. Mai ciwon gwiwa, da mai juna biyu, da mai doguwar riga ko babbar riga su yi hattara, a tattare ƙasan tufa da hannu ɗaya a kama ƙarfe da ɗayan. Gini ne na shekara ɗari da aka yi shi da matakala ko'ina, don haka mai keken guragu ya tuntuɓi gidan kafin ya taso. Lambun ya fi sauƙin shiga.

Yaushe ake buɗewa, kuma da me ake biya?

Gidan ba ya buɗewa da sassafe. A shekarun baya an saba buɗe shi da tsakar rana a rufe ƙarfe biyar na yamma, ranar Litinin kuma ba a buɗewa. A leƙa shafinsa na intanet kwana ɗaya kafin a je, musamman a ƙarshen Disamba da farkon Janairu. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuwa kafin lokacin buɗewa bayan an hau hasumiyar coci, a tarar da ƙofa a kulle. In haka ta faru, lokacin lambu ne.

Kuɗin ƙasar krona ne, ba yuro ba, amma kusan komai da kati ake biya, har kofin shayi. Matsalar ɗan Najeriya ita ce katin naira da ba ya aiki a waje ko mai ƙaramin iyaka; a zo da katin dala ko wanda aka gwada aka tabbatar. Hoto kuwa, a tambayi mai karɓar tikiti, kuma a kashe walƙiyar kyamara. Ko ba doka, walƙiya tana wanke farar filasta ta fito ba inuwa ba siffa.

Yaya zan isa wurin daga filin jirgi?

Jiragen ƙasashen waje a Keflavík suke sauka, kimanin kilomita 50 daga birni, tafiyar minti 45 a mota. Motocin bas na filin jirgi suna tsayawa a tashar BSÍ, daga can kuma tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce a ƙafa, hawa tudu. Tasi daga filin jirgi tsada gare ta sosai. In kana cikin gari, bi titin kasuwa na Laugavegur ka shiga Skólavörðustígur, ka miƙe sama. Hasumiyar cocin mai tsawon mita 74.5 ita ce alamarka, ba ka ɓata.

Wane lokaci na shekara ya fi, kuma yaya batun salla?

A watan Yuni rana takan yi kusan awa 21 a sama, dare ba ya yin duhu sosai, don haka ana iya shiga lambu ko ƙarfe goma na dare. A Disamba hasken rana bai wuce awa huɗu da ɗoriya ba, daga wajen sha ɗaya na safe zuwa uku da rabi. A lokacin a fara da lambu da tsakar rana, a shiga ciki in duhu ya kawo kai. Dusar ƙanƙara a kan baƙar tagulla abin kallo ce, sai dai hanyoyin suna santsi. Ana sayar da ƙananan ƙusoshi a jikin roba da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, a cire su kafin a shiga gidan.

Ko a Yuli zafi bai cika wuce digiri 11 zuwa 14 ba, kuma tudun nan mahadar iska ce. Lema ba ta da amfani, iska za ta juye ta. Riga mai hana ruwa mai hula, da suwaita a ciki, da safar hannu.

Salla tana buƙatar shiri. A hunturu Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa a jere cikin 'yan awoyi, daidai lokacin da gidan yake buɗe. A bazara kuma Isha da Asuba suna rikicewa a manhajar waya saboda shafaƙi ba ya ɓacewa. A bi jadawalin masallatan garin. Akwai ɗaya a Skógarhlíð, wanda ake iya zuwa da ƙafa daga tudun, da wani a Ármúli. Agogon ƙasar daidai yake da na Gana duk shekara, wato awa ɗaya bayan na Najeriya da Nijar. Wajen abinci, kifi ya wadata. Tsiran biredin da ake sayarwa a kan titi, pylsa, akwai naman alade a haɗinsa.

Mutum-mutumin da ke gaban cocin nasa ne?

A'a. Wannan Leifur Eiríksson ne, matuƙin jirgin ruwa na dā da ya isa Amurka ta Arewa, aikin Ba'amurke Alexander Stirling Calder, kyautar Amurka ce a 1930. Na Einar suna warwatse a cikin gari, kuma ana iya bin su da ƙafa cikin awa ɗaya da rabi: Ingólfur Arnarson, wanda ake ɗauka shi ne ya fara kafa gida a Reykjavík, yana kan tudun Arnarhóll tun 1924, Jón Sigurðsson, jagoran neman 'yancin ƙasar, yana dandalin Austurvöllur yana fuskantar majalisa, Sarki Christian na 9 na Denmak da Hannes Hafstein, ministan ƙasar na farko, suna gaban ofishin firayim minista, Úr álögum yana bakin tafkin Tjörnin, tagullar Útlagar kuma tana kusurwar tsohuwar maƙabartar Hólavallagarður. Waɗannan na manyan mutane aikin kwangila ne, a miƙe suke ba wani ɓoyayyen zance. Wanda su kaɗai ya gani bai san Einar ba.

Na ji ana maganar Ásmundarsafn. Wuri ɗaya ne?

Daban ne. Ásmundarsafn gidan Ásmundur Sveinsson ne (1893 zuwa 1982), wani mai ƙirar mutum-mutumi daban, farin gini mai ƙubba a titin Sigtún, gabas da tsakiyar gari, sai an hau mota ko an yi doguwar tafiya. Aikinsa na zamani ne, ƙattin siffofi da ƙarafa. Abin da ke ƙara ruɗani, a kan Freyjugata kusa da lambun Einar akwai wani ɗakin baje koli mai suna Ásmundarsalur. Harafi kaɗan ya raba su, a duba da kyau kafin a ba direba. Akwai kuma gidan Sigurjón Ólafsson a bakin teku a Laugarnes, da Gerðarsafn a garin Kópavogur mai ɗauke da sunan Gerður Helgadóttir. Tikitin ɗaya ba lallai ya shigar da kai ɗayan ba, a tambaya a ƙofa.

Wace biza ake buƙata?

Ayislan ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan yana buƙatar bizar Schengen. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Ƙasar ba ta da ofishin jakadanci a Najeriya ko Nijar, sai a duba shafin gwamnatinta a ga ofishin da ke karɓar takardu a madadinta. Ƙa'idar ita ce a nemi biza daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Mai kwana shida a Faransa da kwana uku a Reykjavík, wajen Faransa zai nema. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma, sai an sauya a Turai. In ta Landan za a bi, a tuna Ingila ba ta cikin Schengen, kuma tana iya neman tata bizar ta wucewa ko da ba za a fita daga filin jirgi ba.